Tukunyar Iya Mai Ɗinki

Da na buɗe ƙofar tanderun gasa tukwane ranar Talata da safe, sai na jawo kujera na zauna. Kantar tsakiya ta koma juji. Tukunya ɗaya ce ta fashe a cikin wuta, ta tafi da maƙwabtanta: kofuna tara, kasko huɗu, da wani dogon tulu da abokin aikina ya yi sati shida yana lallaɓawa saboda baje kolin ƙarshen wata.

Mu biyu ne muke koyar da ginin tukwane a ɗakin nan na unguwa. Shi, Dogo muke ce masa, yana da ajin masu gini a kan faifai mai juyawa. Ni ina da ajin ginin hannu, kuma shekara goma sha ɗaya ke nan makullin tanderu yana rataye a wuyana. Ni nake jera kaya, ni nake kunna wuta, kuma ban taɓa yarda wani ya sa mini hannu ba.

Dogo ya leƙo ta bayana, ya ga wuyan tulunsa a gabas, gindin a yamma. Ya daɗe yana kallo.

"Yaya, wannan ba sai an je duba ba," ya ce. "Ta Iya ce."

Iya Mai Ɗinki ɗalibata ce. Ta tsufa tana taka keken ɗinki, sai shanyewar ɓarin jiki ta ajiye ta, ta bar mata hannun dama yana rawa. 'Yarta ce ta kawo ta ajina, wai likita ya ce a nema wa yatsun aiki. Duk abin da Iya ta gina, gindinsa kamar turmi. Shi kuwa yumɓu mai kauri munafuki ne, waje ya bushe, ciki yana riƙe da ruwa. Da ya ji wuta sai ruwan ya nemi hanyar fita, ya tarwatsa tukunyar.

"Ba tata ba ce," na ce. Ƙarfin hali, ɓarawo da sallama, don ko dubawa ban yi ba.

Kafin in tashi labari ya kai ofishin Shugaba. Matar nan tun da aka ɗora ta a kan ɗakin ban taɓa ganin laka a farcenta ba, kuma ta daɗe tana neman hanyar rabuwa da Iya. Wai tana jan aji baya, wai tana zubar da ruwa a ƙasa wani zai zame. Ta aiko cewa ƙarfe sha biyu tana son ganina da Dogo.

Na share tsingaron kaf, na zube a kan teburin kwaɓi, na shiga tsincewa. Mai sana'a ya san bambanci. Tukunyar da aka buga tana rabewa manya-manya, wadda ta fashe da kanta kuwa gindinta ɓarɓashi yake zama. Ba zan ɓoye ba, addu'a nake yi ya zama tulun Dogo ne, in ga ta inda zai fara. Amma tulunsa gida biyar ya rabu, tsaf, a bushe. Ɓarɓashin na wata tukunya ne daban, kuma a bakinta ga sawun tsohon maɓallin da Iya take dannawa a jere a matsayin ado.

Nan take na tuna ranar Asabar.

Duk tukunyar da za ta shiga tanderu sai na fara kara ta a kumatuna. Idan na ji sanyi, da sauran ruwa, ta koma kan kantar shanya ta ƙara shan iska. Ranar Asabar na kara ta Iya, na ji sanyin sarai. Amma Iya tana tsaye a bakin ƙofa, ta dogara sandarta, kuma a wata huɗu wannan ce tukunyarta ta farko da ta tsaya ba ta zube ba. Ta ce, "Malama, tawa za ta shiga?" Na ce za ta shiga.

Da na so, da na kwashe ɓarɓashin na watsa a kwandon shara, in ce ba a gane ba. Na zuba shi a leda na nufi ofis.

Shugaba har ta buga takarda. "Ba kora ba ce," ta ce, "hutu ne za mu ba ta, har jikinta ya ƙara ƙwari."

Na juye ledar a kan teburinta, a kan takardar. Ta ja kujera baya kamar na sako mata kunama.

"Tukunyarta ce, ranki ya daɗe. Laifin kuma nawa ne. Ɗalibi gini yake yi, ba shi ke jera tanderu ba. Na ji danshi, na saka da sanina."

"Malama, kar ki rufa mata asiri."

"Wane asiri? Tsohuwa ta zo koyo, ta yi gini irin na mai koyo. In da ta iya, me za ta zo yi a nan? Kallon fuskarmu?"

"Kwamiti zai tambaye ni wa ya jawo asarar nan, kuma sai an ɗauki mataki a kan wani."

Na cire igiyar daga wuyana, na ɗora makullin a kan ɓarɓashin. Da ƙyar na sake shi, wallahi, don tanderun nan na fi sanin halinsa fiye da na wasu 'yan'uwana.

"Ga mataki. Ki ba Dogo. Takardar kuma ki yaga."

"In na ƙi fa?"

"To ki nemo wadda za ta riƙe ajin hannu daga gobe, ki kuma tsaya gaban mutum goma sha huɗu ki gaya musu a nan ana sallamar ɗalibi saboda kuskuren malaminsa. Ni bakina ba ya rufuwa, kin sani."

Ta dubi Dogo, tana jiran ya tare mata. Na riga shi. Na ce, "Ƙanena, tulunka ni na fasa, ka yafe mini." Ya sosa ƙeya, ya ce shi dama bai ce a kori kowa ba. Ya ɗauki makullin kamar mai ɗaukar garwashi. Shugaba ba ta yaga takardar ba, girman kai ba zai bar ta ba, amma ta tura ta cikin aljihun tebur ta rufe.

Ƙarfe biyu Iya ta shigo, tana jan ƙafa. Ban jira ta ji a bakin wani ba. Na zaunar da ita na gaya mata komai, har makullin.

Ta ɗago ta dube ni.

"Kin ji sanyi, kika saka?"

"Na saka, Iya."

"Don me?"

"Tausayinki na ji."

Na zaci za ta yi godiya ko ta yi kuka. Sai na ga ranta ya ɓaci, ɓacin da ban taɓa gani ba.

"A gida tausayi, a asibiti tausayi. Ko cokali ya faɗi ba a bari in sunkuya. Nan kaɗai ake ce mini ban iya ba, in sake. Shi ya sa nake zuwa, Malama. Ashe ke ma kin bi sahunsu."

Kunya ta rufe ni. Asarar makullin ba ta ƙona ni kamar maganar nan ba.

"Ba zan ƙara ba," na ce.

"To miƙo mini yumɓu. In ya yi kauri ki rushe shi a gabana."

Na yanko mata curi na dire a gabanta. Ta fara gini, gindin ya sake fitowa da kauri. Na sa tafin hannu na danne shi ya baje, na ce ta sake.