Rawar da Kare Kaɗai Ke Ji

Baba Ɗaure dai tun yana saurayi abu guda ya sani: in inji ya yi rawa, a ɗaure shi. Kwatsam sai 'yarsa, wadda ake kira Injiniya, ta kawo masa sabon injin yankan ƙarfe shago, wai shi da rawa yake aiki.

"Baba, haƙorinsa karkarwa yake yi da sauri, ido ba ya gani, kunnen mutum ba ya ji. Ita ke sa ya ci ƙarfe mai taurin kai bai karye ba."

"Karkarwa? Ashe zazzaɓi kika sayo mini."

Aikin da ke gabansu ƙarfen da ake dasa wa mutum a gwiwa ne, na masu asibiti, tauri kamar zuciyar marowaci. Haƙora sun yi ta karyewa har saura ɗaya, Injiniya kuwa ta rantse in wannan ya tafi, Baba zai ajiye mabuɗin shago ya koma gida jiran jikoki.

Abin da ba ta sani ba, duk sanda aka kunna injin, karen maigadi sai ya kama kuka. Baba ya ce dabba ba ta ƙarya, akwai abin da ya kwance. Tana juya baya sai ya cusa guntun roba, ya ɗaure noti tamau. Kare ya yi shiru, Baba ya ce ya gyaru. Haƙori kuma ƙas!

Ran da aka ɗaura haƙori na ƙarshen, ya ɗaure abinsa, zai sa ƙarfe ke nan ta leƙo.

"Baba, inji na kunne, karen nan na barci. Me ka taɓa?"

"Ni? Hannuna ma ciwo yake."

"To sufana me take yi a aljihunka?"

Ya zare robar yana ƙunƙuni, ya sassauta notin kamar ana cire masa haƙorinsa. Kare ya zabura ya ɗaga baki sama. Ƙarfe ya fara fita sumul, sai ka ce sabulu ake ferewa.

Mabuɗi dai ya tsira. Amma yanzu daga ofis take kasa kunne, kare na yin shiru sai ka ji, "Baba!"

Shi kuwa ya zauna a kan hannayensa, yana hararar karen.

"Da furfurata, wai wannan ne ogana."