Ƙusa a Gindin Ƙwarya

Tasalla ba yawon buɗe ido ne ya kawo ta Kazaure ba, ƙwaryarta ta biyo. Babbar ƙwarya ce ta gado, wadda uwarta ta karɓa daga tata uwar, kuma a gidansu ba a taɓa kai amarya ba sai dangin ango sun sha nono a cikinta. Yanzu ga bikin jikarta Khairiyya ya ƙarato, ƙwarya kuwa tun kafin damina ta bar rugarsu da ke bayan Kanya Babba. Uban yarinyar ne ya ɗauke ta, wai akwai wani gwanin ɗinkin ƙorai a Kazaure da zai gyara mata baki. Damina ta zo ta wuce, aka yanke gero, shiru kake ji. In ta aika, sai a ce mai ɗinkin ya yi tafiya. Wace irin tafiya ce wannan, a ƙasa ya nufi Makka? Ranar da haƙurinta ya ƙare ta ɗaura zane ta hau mota ba ta gaya wa kowa ba.

Uban Khairiyya sunansa Sama'ilu, amma ba a bakin Tasalla za ka ji haka ba. Ɗan farinta ne. Tun da aka yaye shi uwarta ta ɗauke shi ta rene shi, ita kuwa ta kama alkunya irin ta mutanen da, ta riƙe ta gam. Ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, in maganarsa ta kama sai ta ce "wancan". Har furfura ta fara fito masa a gemu yana nan a wancan ɗinsa. Kuma kada wani ya ce ƙi ne. In ya yi zazzaɓi ita ce ba ta iya cin tuwo, sai dai ta ce cikinta ne ba daɗi.

Ba ta same shi a gidansa na Kazaure ba. Khairiyya ta ce yana wurin aiki, a sabon wurin shaƙatawar nan da wani ɗan kasuwa ya buɗe a bakin ruwa, shi ne direban ɗan jirgin ƙasan da ke zagayawa da mutane. Da aka tambaye ta ƙwarya sai ta rantse ko ƙeyarta ba ta gani ba. Tasalla ta ce to su je, yau ko mai ɗinkin yana cikin rami sai an nuna mata bakin ramin.

Da suka isa, mai tsaron ƙofa ya san Khairiyya, ya ce su yi maza su hau, jirgi na shirin tashi, direba ba ya sauka sai ya gama zagaye. Tasalla ta tsaya tana kallon abin. Wai wannan ne jirgi! Kan tarakta ne aka lulluɓe da kwano aka shafa masa jan fenti, yana jan taragai masu benci da rumfa. Khairiyya na tsokanarta, wai tsohuwa ta riƙe ɗankwali da kyau kada iska ta kwashe. Suka sami wuri a taragon ƙarshe. A daidai nan Sama'ilu ya waiwayo don ya ga ko kowa ya zauna, idonsa ya faɗa kan uwarsa. Ta ga yadda fuskarsa ta sauya kafin ta kawar da kai, kuma tun daga nan jikinta ya ba ta akwai magana.

Jirgi ya tashi, in dai wannan sunansa tashi. Jakin da ya sha kaya ya fi shi sauri. Ya bi gefen ruwa yana rarrafe, iska mai sanyi na kaɗowa, masunta can nesa a kwalekwale, duwatsun Kazaure sun yi shiru a bayansu. Mutane suka miƙe ƙafa, wasu na ɗaukar hoto da waya, wani dattijo har ya fara gyangyaɗi. Muryar Sama'ilu na fita ta lasifika a hankali, yana cewa ga keji na jimina, ga ɗawisu, ga tsohuwar tsamiya. Tasalla ta yi tsaki. Manya da su, an tara su ana nuna musu tsamiya kamar yau aka fara shuka ta a duniya. Amma can ƙasan ranta ta ji daɗin muryar, don ba ta taɓa jin ya yi doguwar magana haka ba.

Da suka sha kwana sai muryar ta fara rawa. Ya ce jama'a su dubi hagu, su dubi ruwa da kyau, wani lokaci kada kan leƙo. Ya sake cewa hagu. Injin ya ɗau gurnani, hayaƙi ya turnuƙe, alamar ana taka shi iya ƙarfi, amma ina, abin da aka ƙera don rarrafe ba ya gudu. Duk taragon aka juya ana neman kada. Tasalla kuwa ta san ɗanta ko ba ta kallonsa, don haka ta juya dama.

A dama an yi wata 'yar ruga ta nuni, da bukkar kara da shanun siminti. A ƙofar bukkar ga mutum-mutumin siminti na wata mai tallan nono, an zabga mata jan baki. A kanta kuwa, cikin tsakar rana, ga ƙwaryar. Ko a cikin dubu Tasalla za ta gane ta, ga zanen ƙuna a gefenta, ga tsohon ɗinkin da uwarta ta yi da hannunta. Rana ta cinye mata launi, tsuntsaye sun yi mata kashi. Baƙin ciki ya kama ta. Ƙwaryar da ko jikoki ba ta bari su taɓa sai sun wanke hannu, ita aka ɗora wa gunki!

Ta ce wa Khairiyya ta gaya wa wancan ya tsaya. Yarinyar ta miƙe tana kiran Baba, tana ɗaga hannu, amma ƙarar inji ta danne muryarta, shi kuma ya kafe wuya ya ƙi waiwayowa. Tasalla ba ta jira ba. Ta tattare zane ta zura ƙafa ta sauka, ko tangaɗi ba ta yi ba. Ta tsallake igiyar da aka kewaye wurin da ita, ta kai hannu biyu za ta ɗaga ƙwaryar. Ƙwarya ta ƙi ɗaguwa. Ta yi ɗage ta shafa cikin ƙwaryar, sai yatsanta ya ci karo da kan ƙusa. An huda gindinta an kafe ta a kan simintin don kada iska ta ɗauke, kuma daga hujin tsaga ta tafi har kusan baki.

Ta juyo. Jirgin na can yana jan jiki, direbansa ya ba ta ƙeya, yana ta gaya wa mutane su nemi kada.

"Sama'ilu!"

Ita kanta ba ta san tana da murya haka ba. Jirgin ya tsaya cak, har dattijon nan mai gyangyaɗi ya buga goshi a bencin gaba. Khairiyya ta dafe baki, don ita kaɗai a wurin ta san abin da ya faru. Sauran fasinjoji gani suke wata tsohuwa ce ke kiran direba.

Ya sauko ya nufo ta. Ya cire takalmi ya durƙusa a gabanta cikin ƙasa. Ta sauke masa abin da ke cikinta tas, kuma wannan karon tana kallon tsakiyar idonsa. Ta tambaye shi ko ya manta a cikin me kakarsa take dama masa fura yana tsaye yana kuka. Ta tambaye shi da me za a tari dangin angon 'yarsa, da bokitin roba? Ya ce shi aro ya bayar, manaja ne ya ce ana neman kayan Fulani na asali ranar buɗe wuri, ya so a ga nasu ya fi na kowa. Bai san za su kafa ƙusa ba. Da ya gani sai ya rasa bakin da zai gaya mata, kullum yana cewa gobe. Ta ce ba manaja ba ne ya shiga ɗakinta ya sauke ƙwarya daga ragaya, kuma ba manaja ne ya ƙirƙiro mai ɗinki ba.

Ya koma jirgi ya ɗauko filaya. Ya daɗe yana lallaɓa ƙusar. Da ta fita ya miƙo ƙwaryar da hannu biyu. Tasalla ta ɗaga ta sama, hasken rana ya ratso ta hujin ya sauka a fuskarta. Ɗinki zai iya kama tsagar, amma nono ba zai ƙara zama a cikinta ba, ta sani, shi ma ya sani.

Ta goge kashin tsuntsun da bakin mayafinta, ta rungume ƙwaryar ta juya za ta tafi. Sai ta ji ya yi magana daga durƙuson, ƙasa-ƙasa.

"Inna, ashe haka sunana yake a bakinki."

Ta tsaya. Haushi ya sake turnuƙe ta, wannan karon har da na kanta. Ta sha raya wa ranta cewa in ajali ya zo, shi za ta sa a kira, ta faɗi sunan nan sau ɗaya a hankali, ta sa masa albarka. Ga shi ta zubar da shi a bainar jama'a, cikin faɗa, a gaban gunkin siminti.

"Tashi ka kai mutane," in ji ta, ba ta waiwayo ba.

Khairiyya ta roƙe ta ta hau, ta ƙi. Ta kama hanyar jirgin a ƙasa, ƙwarya a ƙirji, hawaye na zuba tana share su da haushi. Sama'ilu ya tada inji ya biyo ta a baya. Lasifika ta yi shiru, kuma har suka kai ƙofa bai kamo ta ba.