Romon Malam Irmiya

"Ajiye a bakin ƙofa, Suzana," in ji Malam Irmiya daga ciki. "Kada ki shigo."

Na shiga da kwanon kunun. Yana kwance a tabarma, ya ɓata zanensa, ya kasa tashi. Da ya gan ni sai ya rufe fuska da hannu.

Maƙwabcinmu ne a Tudun Wada, tsohon malamin makarantar mishan. Tun yana saurayi ya karanta labarin ruhubanawan Turai na zamanin da, mutanen da suka bar aure da dukiya suka tare a gidajen ibada, suna noma, suna kwafar Littafi Mai Tsarki da hannu. Ya ce haka zai rayu. Bai yi aure ba, ya daina cin nama. Ko an tara yara a tsakar gida, ba ya fitowa sai ya gama zaburarsa.

Na kira maigidana Ezekiyel ya yi masa wanka, ni kuma na wanke zanen.

Ran Lahadi na kai masa tuwo, ya juya fuska bango.

"Me kika dafa yau? Ƙamshi ya tsallako katanga."

"Farfesun kaza ne, Malam."

Ya ce, "Ko romon kaɗai..." Bai ƙarasa ba.

Na kawo masa har da tsoka. Na riƙe masa kwanon. Ya cinye, hawaye na bin gemunsa.

"Kada ki faɗa a coci."

"Wa zan faɗa wa? Lalura ce, Malam."

"Suzana, ruhubanawan nan ba su zauna su kaɗai ba. Suna da ɗakin jinya. In ɗaya ya kwanta, 'yan'uwa su ɗauke shi, har nama a ba shi." Ya share baki. "Na karanta wannan ma. Tsallake shi na yi, don a ce na fi kowa."

Na gyara masa mayafi.

A makon ya rasu, da hantsi, kansa a cinyar Ezekiyel.

Da muka dawo daga maƙabarta na leƙa bayan ɗakinsa. Kuɓewar da ya shuka duk ta ƙosa, ba wanda ya tsinka. Akuyar maƙwabciyarmu Rakiya na tsaye a kan kunya, tana cin ganyen a hankali.