Doka ta Bakwai

Malamar Adabin Duniya ba muguwa ba ce, gara in faɗa muku tun yanzu kafin ku yanke mata hukunci. Mace ce dai da ɗalibai suka sha yi wa wayo, har ta kai ko gaskiya aka miƙo mata sai ta juya bayanta ta duba. Shekara goma sha ɗaya tana koyar da 'yan ajin ƙarshe na sakandare, babu irin satar rubutun da ba ta gani ba. Ta ga wanda yayansa ya rubuta masa, ta ga wadda ta kwafo daga waya har da sunan mai shafin, ta ga wasu shashashai biyu da suka kawo aiki iri ɗaya sak, har kuskurensu ɗaya. To wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle.

Da aka yi mata canjin makaranta, ranar farko ta shiga aji da takarda mai dokoki goma. Ta raba wa ɗalibai sittin da uku, ta manna ɗaya a bayan ƙofa. Littafi huɗu za a karanta, daga ƙasashe huɗu. Kowa ya zo da karatun babin ranar a kansa. Ba a magana sai an kira mutum, wannan ce doka ta uku. Ba a karɓar aiki bayan ranar da aka sa, ko da kuwa gidanku ne ya rushe. Amma abin alfaharinta shi ne doka ta bakwai, don ita ta ƙirƙiro ta da kanta. Duk wanda ta yi shakkar rubutunsa zai tsaya gaban aji ya yi bayaninsa da baki na minti biyar. In ya iya, za ta ba shi haƙuri a gaban kowa. In ya kasa, za ta rubuta wa ofis, shi kuwa ofis hukuncinsa sananne ne: wanda aka kama da satar rubutu a ajin ƙarshe, ana cire sunansa daga jerin masu zana jarrabawar fita.

"Takarda takan yi ƙarya," in ji ta, tana buga alli a tebur, "amma wanda ya haifi magana ba ya rasa bakin faɗinta."

Littafi na biyu da suka karanta labarin wata tsohuwa ne a wata ƙasa mai sanyi, mai gadin mahaɗar titi da layin dogo. An daina bin layin shekara da shekaru, amma kullum da ƙarfe huɗu sai ta fito ta sauke sandar tare hanya, ta tsayar da motoci da masu keke, ta jira jirgin da ba zai zo ba, sannan ta ɗaga. Malama ta ba da aiki: me ya sa tsohuwar take haka?

Da rana tsaka ta zauna a ɗakin malamai tana makin takardun, fanka tana ta ƙara a sama ba iska. Arba'in sun ce tsohuwar ta haukace. Ashirin sun ce darasin shi ne haƙuri, don su a wurinsu kowane littafi a duniya darasinsa haƙuri ne. Har ta fara hamma, sai ta zo kan wata takarda mai ƙananan haruffa a tsattsaye. Mai rubutun ta ce tsohuwar lafiyarta lau, kuma ta fi kowa sanin jirgin ba zai zo ba. Tana sauke sandar ne don a duk yinin, wannan ne kaɗai lokacin da mutanen garin suke tsayawa su jira ta har ta gama abin da take yi.

Malama ta karanta sau biyu, tsigar jikinta ta tashi. Wallahi da farko daɗi ta ji, irin daɗin da ta manta ana ji a aikin nan. Sai tsohon ciwon ya motsa. 'Yar shekara sha bakwai? Ina! Ita da ta koyar da littafin nan sau shida ba ta taɓa hango wannan ba. Ta duba sunan, ba ta ma iya tuno fuskar ba. Ta ja jan biro ta rubuta bakwai a saman takardar, lambar dokar nan tata, ta zagaye shi.

Washegari ta kira sunan. Wata siririyar yarinya ta miƙe daga bencin ƙarshe na jikin taga, ta fito gaban aji. Wani daga tsakiya ya ce ƙasa-ƙasa, "Kai, Sai-Gobe aka kira," aka fara ƙunshe dariya. Malama ta sha jin laƙabin, ta ɗauka don yarinyar mai jan jiki ce. Ba haka ba ne. I'ina gare ta tun tana ƙarama, mai tsanani, 'yan aji suka ce in ta fara magana yau sai gobe take ƙarasawa. Duk ajin sun sani, tsofaffin malamai sun sani har sun daina kiranta. Malamar Adabi kaɗai ce ba ta sani ba, don monita ne yake kiran suna da safe, ɗalibai kuma hannu kawai suke ɗagawa.

"Ke kika rubuta wannan?"

Yarinyar ta ɗaga kai alamar e.

"To bismilla. Minti biyar." Malama ta kwance agogonta ta ajiye a tebur.

Yarinyar ta buɗe baki. "Ts... ts... ts..." Haɓarta ta kama rawa, idonta ya rufe, jijiyar wuyanta ta fito. Dariya ta ɓarke daga baya. Yarinyar ta juya da sauri ta kai hannu kan alli.

"Ajiye allin nan. Baki na ce. Rubutu ai mun gani."

Abokiyar zamanta ta ɗaga hannu. "Malama, don Allah, ai ita..."

"Na kira ki? Doka ta uku. Sauke hannunki."

Haka aka yi minti biyar ɗin nan, kuma ban taɓa jin minti biyar mai tsawonsu ba. Gumi ya jiƙa wuyan rigar yarinyar. Kalma uku ta samu ta fitar, su ma a guntule. Malama tana kallonta tana cewa a ranta, mara gaskiya ko a ruwa gumi yake. Har wani ɗan sanyi ta ji a zuciya, na wadda ba a yi nasarar raina wa hankali ba. Ta ɗaura agogonta ta ce, "Koma ki zauna." Kafin a tashi ta kai takarda ofis, shugaban makaranta ya sa hannu yana amsa waya. Daga ranar bencin jikin taga ya zama na mutum ɗaya.

Sai ƙarshen zango, da ake karɓar littattafan da makaranta ta ba da aro. Malama ba ta karɓar littafi sai ta bi shafukansa, don wanda ya yi zane a ciki ya goge abinsa. Abokiyar zaman nan ta miƙo biyu, nata da na wadda ta daina zuwa. Malama ta buɗe na biyun, ta ga gefen kowane shafi ya yi baƙi da fensir. Ƙananan haruffan nan ne a tsattsaye. Tambayoyi, gardama da marubucin, wani wurin har da "ƙarya kake" an ja masa layi. A babin da tsohuwar take sauke sanda, ga jimlar nan da ta tayar mata da tsigar jiki, an rubuta an soke, an sake an soke, sau bakwai, kowace ta fi ta bayanta kyau, har ta zama wadda ta gani a takarda.

Ta nemi kujera ta zauna. "Me ya hana ta yi bayani ranar nan?"

"I'ina gare ta, Malama," in ji yarinyar, idonta a ƙasa. "Na so in faɗa miki."

Ta tafi ofis da littafin a hannu, kusan da gudu. Shugaban makaranta ya duba shafi biyu ya rufe. Jerin sunaye ya tafi hukumar jarrabawa mako uku da suka wuce, kuma an rufe karɓa. "Ke kika rubuto, ni na sa hannu," in ji shi. "Yanzu sai mu je mu ce musu ba mu san aikinmu ba? In tana so ta dawo baɗi ta maimaita ajin." Ya jawo wani fayil, maganar ta ƙare ke nan.

Abokiyar zaman ce ta yi mata kwatance. Shagon wanki da guga ne a wani lungu bayan tashar mota, ɗaki ɗaya mai ƙofar ƙarfe. Zafi ya bugi fuskarta tun daga bakin ƙofa, ga warin sitati da sabulu, riguna a rataye jere har rufi, kowace da 'yar takarda an maƙala mata da allura. Yarinyar tana can ciki a gaban tebur, tana guge wuyan wata farar riga. Yayanta ne mai shagon, wani dogo mai tabon ƙuna a hannu. Da ya ji ko wace ce, ya goge kujera da gefen rigarsa ya ce, "Sannu da zuwa, Malama. Wani laifin ta kuma yi?"

Malama ba ta zauna ba. Ta buɗe littafin ta nuna masa, ta faɗi komai, ba ta rage wa kanta ko ɗaya ba. Ta ce kuskurenta ne, yarinyar ba ta saci ko harafi ba, kuma a shekara goma sha ɗaya ba ta taɓa samun ɗaliba kamarta ba.

Yayan ya daɗe yana kallon shafin. Sai ya zauna a kan kujerar da ya goge mata.

"Tun rasuwar iyayenmu ni ne uwa ni ne uba," ya ce. "Ni ban yi nisa a karatu ba, Malama, amma na iya karanta kalmar sata. Da takardarku ta zo na tambaye ta, ta tsaya tana ts-ts-ts, raina ya ɓaci, ban bari ta gama ba." Ya share fuska da tafin hannu. "Akwai wani kwali a ƙarƙashin gadonta, littattafan rubutu sha ɗaya, tun tana aji ɗaya take cika su. Na ce ashe duk tulin nan ma na sata ne. Ni da hannuna na fito da su bayan shagon nan na cinna musu wuta, tana tsaye tana kallo. Daga ranar ko sunan mai kaya ba ta yarda ta rubuta a takarda, ni nake rubutawa."

Malama ta ji kamar ta kurma ihu. Ta ratsa tsakanin rigunan ta isa gaban teburin, ta ajiye littafin, ta ciro biro daga jaka ta ɗora a kai. Ta ce, "'Yata, na zalunce ki. Ki yafe mini. Ki dawo baɗi, ni da kaina zan tsaya miki. In akwai abin da za ki ce mini, ki rubuta, ko zagi ne zan karanta."

Yarinyar ta jingine dutsen guga a tsaye. Ba ta kalli biron ba. Ta ture littafin gefe da bayan hannu don kada ya ɓata farar rigar, ta ɗago ta dubi Malama ido cikin ido, ta buɗe baki. Haɓarta ta kama rawa. Malama ta tsaya cak tana jira, yayan ma ya yi tsit, babu abin da ake ji sai ɗigar ruwa daga wani wando da aka shanya. An daɗe kafin maganar ta fito, amma ta fito duka.

"K-k-kin k-kawo w-wanki ne?"

"A'a," in ji Malama.

Yarinyar ta ɗauki dutsen gugarta ta juya hannun rigar.