Ɗumin Ƙirji

Jiya da dare wani mafarki ya same ni a kan bencin barandar asibiti, ko takalmi ban cire ba. Amma bari in fara faɗa muku abin da ya kwantar da ni a bencin.

Matata Kuluwa ta haifa mana 'yar fari, bakwaini, 'yar mitsitsiya kamar ɗan tsako. Zazzaɓi ya kwantar da uwar a wani ɗaki daban, kwalaben da ake saka irin waɗannan jarirai duk sun cika, surukata Inna Tasalla kuma tari take fama da shi. Sai nas ta dube ni ta ce, "Malam Ilu, sanyi ne abin tsoro ga yarinyar nan. Cire rigarka mu ɗaura maka ita a ƙirji, fata da fata." A ɗakin da ke cike da mata, a gaban surukata! Ni da nake ɗinkin manyan riguna, wanda ko maƙwabcina bai taɓa ganin singiletina ba. A unguwarmu magidancin da ya fito ba riga, in ba ɗan dambe ba ne, to a fara nema masa magani. Na ce mata bari in sha iska in dawo. Ina zama barci ya yi gaba da ni.

Sai ga ni a wani gari da rana tsaka. Ruwa ake yi, amma daga ƙasa yake tsattsafowa ya hau sama, ya shige gajimare. Babu mutum ko ɗaya a titi, riguna ne kawai ke kai da kawowa. Masu su an baro su a gida, a rataye jikin ƙusa. Hulata na hannuna, 'yata na kwance a cikinta, jikinta sanyi ƙalau kamar ruwan randa.

Wani kaftani ya tsaya ya gaida babbar rigata, ni ko kallo ban ishe shi ba.

"Shadda, barka da rana. Wa kika sako yau?"

"Ilu ne," in ji rigata. "Na fito da shi ya sha iska."

Na tambaye shi inda ake samun ɗumi. Ya ɗaga hannunsa da babu hannu a ciki, ya nuna mini wani ofis.

Awaki ne ke aiki a ofishin. Shugabarsu wata jar akuya ce mai tabarau, ta cinye rabin labulen tagarta tana kan sauran.

"Hajiya, ɗumi nake nema wa yarinyar nan."

Ta leƙa hular, ta daina tauna. "Namu ya ƙare tun da safe, kaji sun kwashe za su kwanta kan ƙwai." Sai ta miƙo wuya ta shinshina ƙirjina. "Kai, bawan Allah, ka zo ofis neman abin da ka ƙunso a riga? Je ka bakin kasuwa ka kwance shi. A garin nan ɗumin da aka fitar a ɓoye ba ya kama jiki."

A bakin kasuwa manyan riguna sun yi majalisa a gindin bishiya, kowace ta baje a tabarma. Na tsaya a gabansu, na tuɓe babbar rigata. Ruwan ya ɗauke ta ya yi sama da ita, tana ihu, "Ilu, wa zai gaishe ka yanzu?" A ƙarƙashinta na tarar da kaftanin angoncina. Na cire shi, sai ga rigar makarantarmu ta firamare, har da tabon tawada a aljihu. Na cire ta, sai ga wata 'yar rigar salla da aka ɗinka mini ina yaro. Duk wadda na cire sai ta bi ruwa ta hau.

"Subhanallahi," in ji wata farar riga. "Ɗan gidan mutunci!"

"Ni dama na ga yana yawan shiru kwanan nan," in ji ta kusa da ita.

Saura singileti. Nan hannuna ya ƙi. Na dubi cikin hular, yarinyar ta ƙara ƙanƙancewa, numfashinta ya koma siriri kamar zaren ɗinki. Tsoro ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji ba, amma kunya ta riƙe mini hannu gam. Na ji haushin kaina har hawaye ya zo, shi ma ya bi ruwan ya hau sama.

"Iliyasu."

Na waiwaya. Babana ne, wanda ya daɗe da rasuwa, zaune a kan turmi, yana zura ruwan sama a kafar allura. Abu biyu suka ɗaure mini kai. Ni ɗan fari ne, don haka har ya koma ga Allah bai taɓa kiran sunana ba, sai dai "kai wannan". Sannan ba riga a jikinsa. Ƙirjin Baba sau ɗaya na taɓa ganinsa, ranar da muka yi masa wankan ƙarshe.

"Baba, ina rigarka?"

"Ta gaji, na sallame ta." Ya soke allurar a iska, ta tsaya. "Ranar da aka haife ka ina zaure ina jin kukanka. Hannuna har ƙaiƙayi yake in ɗauke ka, amma na ƙi shiga, kada a ce ba ni da kunya. Waɗanda na ji tsoron bakinsu ga su can. Je ka leƙa wuyansu."

Na je na leƙa wuyan farar rigar. Babu kai, babu ido, sai wani ƙadangare yana barci a ciki.

"Ka gani?" in ji Baba. Ya dafa ƙirjinsa. "Sabo fil na taho da shi, ba wanda ya taɓa barci a kai. Zo nan."

Da gemuna da komai na durƙusa na ɗora kaina a wurin. Ɗumi ne da shi irin na tukunyar da aka sauke ba da jimawa ba. Na yi kuka sosai, bai ce in yi shiru ba. Can ya ce, "Ɗaga hannu," kamar yadda ake ce wa yaro za a yi masa wanka, ya zare mini singiletin ta ka. Ya ɗauko jikarsa daga cikin hula ya kwantar mini a ƙirji. Ta yi lamo, sannan 'yan yatsunta suka lalubi gashin ƙirjina suka damƙe. Ruwan ya tsaya cak a iska, ya yi shawara, ya juyo ya fara sauka ƙasa kamar na ko'ina. Daga nesa jar akuyar nan ta fito tana kaɗa ƙararrawar tashi daga aiki, ƙwal, ƙwal, ƙwal.

Na buɗe ido. Gari ya waye, ƙarar cokali ce a kofin silba. Inna Tasalla ce zaune a bakin ɗakin jarirai tana dama koko, ta juya mini baya, fuskarta na kallon bango.

"Bango," ta ce, tana ta juya cokalin, "gaya wa mai ɗinki yarinyar na nan da ranta. Wata mai jego ce ta kwana da ita a ƙirji, yanzu kuma nata ɗan ya farka. Ka ƙara masa da cewa idona ya lalace kwanan nan, ba na ganin komai."

Na miƙe. Na tuɓe babbar rigar, na tuɓe ta ciki, na zare singiletin, na ninke su a kan bencin. Har na shige ɗakin ina kasa kunne, babu wadda ta ce uffan.