Koren Ruwa

"Rini aikin ragwaye ne!" tsohon likitan ya faɗa daga kan gadon jinya. "Ni da idona nake gane jijiya."

Ɗalibarsa ta dā, wadda gobe za ta cire masa ƙari a maƙoshi da na'urar tiyata mai hannuwa, ta yi ajiyar zuciya.

"Malam, ruwa ne kawai za mu zuba a jini. Fitilar kyamara na haska shi, jijiyoyi su fito kore shar a allo, in san inda zan kauce wa."

"Haka na koya miki? Ki jira kala ta nuna miki hanya?"

"To shi ke nan, ranka ya daɗe. Da ido zan yi, yadda ka koyar."

Ta juya za ta fita. Ya shafa wuyansa. Shi ya san sau nawa idon nan nasa ya yi kuskure, a jikin marasa lafiya.

Sai da ƙofa ta rufe, ya rage shi kaɗai, sannan ya yi magana, murya ƙasa-ƙasa.

"Koren ruwan nan, zuba shi yana da zafi ne?"