Kumfa a Kan Tiyo

Ni ba na jin wari. Gara in fara da wannan, tunda yanzu duk layinmu an sani, har masu shara. Shekara uku ke nan wani zazzaɓi ya kwantar da ni kwana tara, da zai tafi ya tafi da hancina. Turare da kwata duk ɗaya ne a wurina. Ban faɗa wa kowa ba. Wa zai ci abincin matar da ba ta san nama ya juya ba?

Sana'ata soye-soye a bakin ƙofar wata ma'aikatar buhu. Ƙwai, albasa, nama, dankali, a tura cikin burodi. A kan murhun gas mai faranti nake yi, wato shimfiɗaɗɗen ƙarfe mai faɗin rabin ƙofa, a kan ƙafa huɗu, da bututun wuta biyu a ƙarƙashinsa. A kusurwa akwai huji inda mai ke tsiyaya cikin gwangwani. Na kewaye ƙasansa da kwanon rufi ta gefe uku saboda iska. Farantin nan na kula da shi fiye da fatar jikina. Kullum in na tashi sai na kankare shi tun da zafinsa, in watsa ruwa, in goge, in shafe shi da mai siriri don kada ya yi tsatsa.

Maigidana mai faci ne. Ya fi shekara talatin yana neman huji a taya. Bara waccan ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Abin da ya rage masa hannun hagu, da idanu, da hanci. 'Ya'yanmu suna nesa, ba ni da wanda zan bar wa shi, don haka kowace safiya nakan turo shi a baro, maigadin ma'aikatar ya kama mini mu ɗora shi a kujerar katako, gefen tukunyar gas, domin nan ne bango ke ba da inuwa. Nakan ba shi cokali. In albasa ta fara ƙonewa sai ya ƙwanƙwasa hannun kujera, ni kuma in juya kamar ni na ji. Shi ne hancina. Haka muka yi ta rufa wa juna asiri.

Sai wutar ta lalace. Da shuɗiya ce, ta koma rawaya mai hayaƙi, gefen dama kuwa ya yi sanyi. Ka fasa ƙwai a can ya zauna yana kallonka. Na jijjiga tukunya, cike take. Na wanke duk abin da na san ana wankewa. A banza. Shi ne na aika a kira mini mai gyaran murhu, wanda ake ce wa Yanzu-yanzu, don ba ya buɗe baki bai faɗi kalmar ba.

Ya zo yana taunar tsinke. Wallahi ko sunkuyawa bai yi ya leƙa ƙarƙashin farantin ba.

"Tiyo ne ya toshe, Mama. Yanzu-yanzu za ki ga aiki."

Ya cire baƙin tiyona mai kauri ya jefa a jakarsa, ya zaro wani kore mai sheƙi, ya yanki guntu. Ya yi gajere, sai ya miƙe shi ta kusurwa, daidai ƙarƙashin hujin mai. Zoben ƙarfen da ke matse bakin tiyo ma bai mayar ba, robar taya ya naɗa ya ƙulle. Maigida ya hau buga cokali.

"Baba yana yi mana kiɗa," in ji Yanzu-yanzu. "Ƙara wuta, tsoho, in taka."

Ya kunna. Wutar tana nan rawayarta.

"To ina gyaran?" na ce.

"Sabon tiyo ne, sai ya saba. Shinshina ki ji, Mama. Akwai warin gas?"

Mutane uku suna tsaye suna jiran ƙwai. Na sunkuya, na ja iska, na ɗago na ce, "Babu."

Wannan laifin nawa ne. Na faɗa da bakina, kada wani ya faɗa mini.

Kwana huɗu muna aiki haka, Maigida yana buga cokali tun safe har yamma, ni ina ce masa tsufa ne ya ƙara masa rigima. Ran na biyar da safe, rana ta ɗan ɗaga, na ajiye shi a kujerarsa, na murɗa kan tukunya na buɗe. Kafin in kunna sai ga mai burodi, ya kawo mini na jiya yana rantsuwa na yau ne. Muka tsaya cacar baki. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba, amma har ya sauke tire biyu ya mayar da ɗaya.

Da na dawo, cokali yana tafiya kamar ana kafa ƙusa.

"Ko kunnawa ban yi ba, me ke ƙonewa?" na ce. "Shayi ne? Ka jira."

Na ɗauko ashana. Ta farko ta karye. Ta biyu kanta ya ɓalle ya faɗi, bai kama ba. Na zagi masu yin ashana da iyayensu, na zaro ta uku.

Sai na ji cokali ya faɗi ƙasa. Mutumin nan da ba ya iya ɗaga kofi sai na tallafa masa, ya karkato jikinsa har kujera ta ɗaga ƙafa, ya kama bakin bahon ruwan sabulun da nake wanke kwanuka, ya janyo shi daga kan benci. Ruwa ya wanke mini ƙafafu, ya jiƙa masa wando, ya malale kan tukunya da tiyo.

Na faɗa masa maganar da har in mutu ba zan yafe wa kaina ba. Na ce, "Taimako ya fi ƙarfinka, sai ɓarna. Me na yi wa Allah ne?"

Bai dube ni ba. Idanunsa sun firfito, suna kan tiyo. Na bi su da kallo.

Kumfa tana girma.

Kumfar sabulu in ta zube, kwanciya take yi ta mutu. Wannan tashi take yi. A kusurwa, inda zafaffen mai ya yi kwana huɗu yana ɗiga, tiyon ya yi laushi ya kumbura, ƙwayoyin kumfa suna fitowa suna hawa kan juna, ƙanana, manya, wata ta kai girman ƙwai ta fashe wata ta maye gurbinta. A wurin ƙullin roba ma haka. Ni matar mai faci ce. Sau dubu nawa na kai masa abinci na tarar ya shafa wa taya sabulu ya tsuguna yana jira? Na san abin da kumfa mai girma ke faɗa.

Ashana tana hannun dama, kwalinta a hagu, tsakaninsu bai kai tsawon yatsa ba. Na rasa inda zan ajiye su. Gani nake ko ƙasa suka taɓa za su kama. Na tuna kwanon da na kewaye murhun da shi, na tuna duk tsawon rigimata da mai burodi gas yana taruwa a ciki ba hanyar fita. Kuma gwiwar Maigida tana jingine da tukunyar.

Na jefa ashanar cikin ruwan da ya kwanta a ƙasa, na taka. Na kai hannu kan tukunya in rufe. Hannuna duk sabulu. Na murɗa ya zame. Na sake, ya zame. Ina jin numfashin Maigida a kunnena, hucu-hucu, kamar wanda ya yi gudu.

"Inna, ƙwai biyu, a ƙona gefen!"

Maigadi ne. Yana tahowa daga ƙofa, yana murmushi, taba a bakinsa.

"Tsaya nan!" na ce. "Kada ka matso!"

"Yau kuma da wa aka tashi faɗa? Baba, me ka yi mata?"

Yana ta tahowa. Taku goma ya rage, ko takwas. Ina ganin jan kan tabar. Bakina ya ƙi haɗa magana, kalmar gas ɗin ma ta ɓace mini. Na rarumi ƙwai a tire na jefe shi, ya fashe masa a ƙirji. Na ƙara masa wani a goshi.

"Taba! Taba, ɗan banza! Wuta!"

Allah Ya sa ya gane. Ya ja da baya da gudu, ya murje ta a can bakin titi. Ni kuma na fizge ɗankwalina na naɗe kan tukunyar, na murɗa da hannu biyu har na ji kafaɗata ta yi ƙara. Sai da ya rufu na san ashe tun ɗazu akwai wani siririn sauti, sssss, da nake ɗauka na injinan ma'aikata ne.

Na kama kujera in ja. Ba ta motsa ba. Mutum ne mai jiki, ƙafar kujerar kuma ta nutse a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Na ja, na ja, ina kiran sunan Allah, shi yana ture ni da hannun hagu, wai in tafi in bar shi. Sai da maigadi ya dawo, ƙwai yana bin fuskarsa, muka ciccibe shi zuwa tsallaken titi. A can na zauna a ƙasa, kai ba ɗankwali, na riƙe ƙafarsa wadda ba ta jin komai. Na fi rabin awa a haka.

Da na tashi, layin masu gyara na nufa. Suna da shugaba, wani dattijo mai tabarau ɗaure da zare. Na ce ba zan yi magana a nan ba, su zo su gani. Ya taso, Yanzu-yanzu yana biye da shi, da 'yan kallo. Lokacin ma'aikata sun fito hutun rana, wurin ya cika.

Shugaban ya matsa koren tiyon da yatsa. "Wannan ai na ban ruwan fulawa ne."

"Duk tiyo tiyo ne, ranka ya daɗe," in ji Yanzu-yanzu. "Ni dai na bar shi lafiya. Ita da kanta ta shinshina ta ce babu wari. Mama, ƙarya na yi? A gaban mutane kika faɗa."

Duk suka juyo. Waɗannan su ne masu cin abincina, shekara da shekaru. Na dubi Maigida a tsallaken titi, wandonsa bai bushe ba.

"Na faɗa," na ce. "Ƙarya na yi. Ba ni da hanci, shekara uku ke nan. Wancan bawan Allah shi ke ji mini. Ya ji tun ranar, ya yi ta buga maka cokali, ka ce kiɗa ne."

Wata mata ta ajiye burodin da ta ɗauka.

"To a yi haƙuri, Hajiya," in ji shugaban. "Tunda Allah Ya kiyaye..."

"Haƙurin na ci na ƙoshi. So nake ya faɗa da bakinsa abin da ya sa mini."

"Ni tiyona ƙalau yake," in ji Yanzu-yanzu. "Sabulu ai dama kumfa yake yi."

Na sa maigadi ya ɗauko kujerar, aka kwantar da Maigida a baro. Na mayar da ita gurbinta, ramukan ƙafafunta suna nan a ƙasa.

"Zauna, ɗan nan."

"Haba Mama."

"Ka ce ƙalau yake. Zauna. Jingina gwiwarka da tukunya, haka yake yi. Hannun dama a cinya, ba ya aiki. Ƙafafu ma ka manta da su."

Mutane suka ce ya zauna mana. Ya zauna yana 'yar dariya. Na ɗora hannu a kan tukunyar na juya wuyan hannuna, ban buɗe ba, ni ba mahaukaciya ba ce, amma shi bai sani ba. 'Yan kallo suka dare. Na karɓi ashana a hannun maigadi. Na tsaya ina kallon Yanzu-yanzu sai da dariyar ta bushe a fuskarsa, zufa ta tsatso masa a kan leɓe. Na zaro ɗaya. Na ɗora kanta a jikin kwali.

Ban ƙyasta ba. Kujerar ce kawai na ji ta faɗi. Kafin in ɗago yana bayan motar buhu, takalmi ɗaya a ƙafa.

"Na ruwa ne!" yake ihu daga can. "Na ruwa ne, kada ki kunna!"

"Kai kana da ƙafa," na ce.

Babu wanda ya yi dariya.

Shugaban da kansa ya tsuguna ya yi aikin. Ya kwance bututun dama, ya zura waya, sai ga gidan zanzaro ya zubo, busasshiyar laka cike da tafin hannu. Cutar ke nan tun farko, tiyona ba ruwansa. Ya sa aka zazzage jakar Yanzu-yanzu aka fito da baƙin tiyona, ya mayar da shi da zoben ƙarfe, ya bi da shi ta baya nesa da hujin mai. Ya ɓalle kwano ɗaya don iska ta riƙa ratsawa. Wuta ta dawo shuɗiya. Jakar kuwa ya ce ta zauna a shagonsa tukuna. Tukuna ɗin ban yarda da ita ba, duk sati sai na je na ga tana nan a rataye. Akwai wasu murahun a garin nan, kuma koren tiyon da na gani a jakar ya kai kamu goma.

Wasu sun daina cin abincina. Su je.

Yanzu kowace safiya nakan kaɗa sabulu a gwangwani in miƙa wa Maigida tsohon burushinsa na faci. In buɗe tukunya, ya shafa a bakin tiyo, ya shafa a tsakiya, ya shafa a ƙarshe, mu zuba ido. Ba na gaggauta shi. In ya gyaɗa kai, sai mu ɗauke shi da maigadi zuwa tsallaken titi, in dawo ni kaɗai. Ba ya son haka, yakan yi ta buga cokali daga can har sai ya ga wuta ta kama an dawo da shi.

Har yau ashanar farko karyewa take yi a hannuna.